Turmin Bushiya da Hatimina

A gidanmu na Kano, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun Kaka Yalwa, tana gasa mana dankali a toka. Tsohuwar nan akwai faɗa, musamman a kan kwanukanta. Kowanne ta ɗiga masa jan fenti a gindi, kuma washegarin biki da kanta take bi gida-gida tana kifa kwanukan mutane tana dubawa. Mu kuwa kunya kamar mu nutse.

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta Bushiya ce. Wai a da jikinta sumul yake, kuma ita kaɗai ke da turmi a dawa. Kura ta ara ta ba Dila, Dila ya ba Biri. Da Bushiya ta je karɓar kayanta, aka ce ai turmin gari ne, ta bi layi. Tana tsaye a layin takaici ya tsiro mata ƙaya a baya.

"Kun ji dai," in ji Kaka, tana nuna mu da muciya. "Kayan aro ba shi da ƙafa. Ƙafarka ce ƙafarsa."

Yau ina Guangzhou ta ƙasar Sin, ina sarin tufafi a kasuwar Shisanhang. Cikin 'yan littattafaina akwai na tarihi da marigayi mahaifina ya bari, da rubutun hannunsa a gefen shafuka. Na sa wani mai shago a unguwar Tianhe ya yi mini hatimi: Ex libris, sai sunana. Latin ne, ma'anarsa "daga cikin littattafan wane". Na buga a kowane littafi, na ce ni ma na yi jan fentina.

Sai Alhaji Sani, ɗan Kumasi da muke haɗa kaya a kwantena ɗaya, ya ari na mahaifina. Da shiru ya yi yawa, na same shi a titin Huanshi Lu yana shan shayi.

"Haba Malam, kwantar da hankalinka! Na sa shi a kwantena, ƙanena da ke Kumasi ke son karantawa. Ba ga sunanka a ciki ba? Duk wanda ya buɗe ya san naka ne."

Wallahi raina ya ɓaci. Hatimi ya faɗi mai littafi, amma ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ashe fentin Kaka na gada, na bar ƙafarta.

Jiya na kira ƙanen nasa. Ya ce limaminsu ya karɓa, wasu ma na jira, amma zai sa ni a gaban layi. Har godiya na yi masa. Da na ajiye wayar, sai na ji hannuna yana shafa bayana.