Kunnen Gidanmu

Mu a gidanmu, can cikin Birni, da kunne ake gane mu. Faffaɗa ne, a buɗe kamar marfin tukunya, tun daga kakanmu da ya zo daga Barno. Ƙanena, Allah ya ji ƙansa, ya fi kowa, kuma ya bar wa ɗansa guda irinsa sak.

Inna, mahaifiyarmu, idonta ya tafi shekarar da muka yi wannan rashi, sai ta koma gane jikoki da hannu. Duk wanda ya durƙusa gaishe ta, ta lalubo kunnensa ta faɗi sunansa. In ta kai kan marayan nan kuwa, ba ta saki da wuri. Sunan ubansa take kira, tana murzawa tana addu'a. Abin da ya rage mata na ɗanta ke nan.

Uwar yaron ta sake aure a Yamai, ta tafi da shi. Yana shekara shida ta bugo mini waya, wai a lakwal, wato makaranta, yara na kiransa jemage, za a yi masa aiki a kwantar da kunnen.

Na ce, "Ciwo yake masa? Ko ba ya ji ne?"

Ta ce, "Yaya, ke ba ki san zamani ba."

Tir da wannan zamani. A sumar da yaro lafiyayye, a tsaga bayan kunnensa, a ɗinke kamar buhun gero, saboda bakin 'ya'yan wasu. Da aka yi aikin, har hoto ta turo mini, kai naɗe da bandeji, jini ya ɓullo ta gefe. Wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Ban gaya wa Inna ba, kuma wannan laifina ne.

Da hutun damina suka zo. Kunne ya kwanta luf, yaron kuma, gaskiya, da murnarsa. Ya durƙusa gaban Inna. Ta miƙa hannu ta laluba, ta sake lalubawa, ta janye.

"Sannu, yaro. Ɗan gidan wa?"

Uwar ta yi 'yar dariya, ta fara bayanin likita. Inna ba ta saurare ta ba, ni ta juyo wa.

"Ba kin ce ɗan marigayi zai zo yau ba? Yana ina?"