Malam Da-Saura

Ɗalibansa ne suka laƙa masa sunan, ya kuwa bi shi har bayan ya yi ritaya. Shekara da shekaru yana koyar da lissafi a kwalejin horon malamai, kuma ba na tarawa da ɗebewa ba, lissafin sauyi: ka dubi abu yana ƙaruwa ko yana raguwa, ka kama saurin canzawarsa ka rubuta shi a layi ɗaya. Duk sabon aji da kofin shayi yake shigar musu. Ya dire shi a tebur, ya tsoma ma'aunin zafi, ya hana kowa ko tari.

"Tambaya biyu ce kacal," in ji shi. "Me ke canzawa? Me ke sa shi canzawa? Wanda ya amsa ta farko ya bar ta biyu, ya tashi ya ba ni wuri."

Sai ya nuna musu cewa shayi ba don ra'ayin kansa yake hucewa ba, ɗaki yake bi. In zafinsa ya yi wa na ɗaki nisa, ya huce da gudu. In tazarar ta ragu, ya rage gudu. Ya ja layin tazarar nan da alli, ya gangaro da shi, ya kwantar da shi dab da ƙasan allo ba tare da ya taɓa ba. "Ku buɗe ido. Yana kusantar sifili, amma ba ya kaiwa. Ko gobe ka dawo, da saura." Ajin ya amsa a ciki-ciki, "Da saura, Malam."

Mai gaskiya ne, wannan ba mai ƙwace masa. Bai taɓa ƙara wa ɗan wani maki ba, bai taɓa rage wa wani ba. Amma yabo a bakinsa sai an tona, kuma jan biron da yake duba takardu da shi, da shi yake duba mutanen gidansa.

Auta ne ya fi shan jan biron. Yaro mai hannu, tun yana ƙarami ba fankar da ta gagare shi a gidan. Ya fara karatun injiniya don ya faranta wa uban, ya ga ba zai iya ba, ya dawo ya ce walda zai koya. Malam bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Tabarau ya cire, ya goge shi da bakin riga, ya ce, "In an yi rabawa, akan sami abin da bai shiga ko'ina ba. Saura ake ce masa. Ashe ni ma ina da nawa."

Auta ya tattara ya koma wani gari, ya buɗe shagonsa, ya yi aure. Da fari yakan kira wayar uban a kai a kai. Malam ya ɗaga ya ce, "Lafiya? To, madalla. Ga mamanka." Kiran ya ja baya, ya koma jefi-jefi, ya koma sai an manta.

Malam ba wawa ba ne, ya gane layin. Shi ya zana shi da hannunsa har alli ya ci masa yatsu. Yana son yaron nan, so mai ciwo, amma girman kai ya hana shi danna lamba. Sai ya zauna a falo, wayar na kan hannun kujera, yana lallashin kansa da iliminsa. Raguwa ce, ba ƙarewa ba. In matarsa ta ce, "Malam, ka kira shi mana," sai ya ce, "Bar shi. Irin wannan ba ya kaiwa sifili." Ita kuwa ta kwashe kofi ta yi kicin.

Wata rana ya fita aski ya tarar wanzamin ya rufe shago, ya juyo gida da gashinsa. Tun daga bakin ƙofa ya ji dariya a kicin. Matarsa na yanka albasa, ta jingina wayarta da gwangwanin gishiri, muryar Auta na fitowa tar, yana ba ta labarin wata ƙofa da ya haɗa a juye. Ga wata 'yar ƙaramar murya a bayansa tana ta "Kaka! Kaka!" Malam ya san an yi masa jika, amma bai taɓa jin muryarta ba. Ya tsaya a bayan labule kamar baƙo har suka yi sallama.

Da ta fito ta gan shi, ba ta razana ba. Ta goge hannu da zani.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Duk ranar askinka. Bai taɓa fashi ba."

Malam ya nemi kujera ya zauna. Shayin da ya bari kafin ya fita na nan a tebur, ya yi yana a sama.

"Na ɗauka raguwa yake yi," ya ce. "Na ɗauka haka nisa ke sawa."

"Nisan ɗaya ne da ni da kai, Malam. Ni na sha jin ka kana cewa shayi ɗaki yake bi. Ba ka taɓa tambaya wa ya sanyaya ɗakin ba."

Ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe shi kawai. Da muryarsa ta fito, ba ta malami ba ce.

"Yana tambayata?"

"Da yana yi. Ya jikin Baba, Baba ya ce wani abu? Ni kuma na rasa abin da zan ce ka ce."

"Yanzu fa? Ko a ƙarshe, ko da gaisuwa ce. Ai dole da..."

Ta ɗauki kofin, ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, kuma ba na albasa ba.

"Babu saura, Malam," ta ce. Ta je ta zubar da shayin a makwarara.