Laure Mai Gumi da Fangalayen Bakin Rafi

Laure 'yar Rogo ce, a gidan manoman gyaɗa aka haife ta, inda ba a cika ganin shinkafa ba sai da sallah ko biki. Aure ne ya kai ta Kafin Dafga, gidan Falalu, wanda ke da ɗan fili a fadama. Uwar mijinta ce ta koya mata gumi: a jiƙa shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, a turara ta a tukunya, a shanya, sannan a kai inji.

Ba a daɗe ba hannunta ya yi suna. Manoma suka riƙa kawo mata shanshera daga ƙauyukan kewaye, ita kuma tana lura da halin kowace. Wata tana shan ruwa da yawa, wata tana karyewa a inji, wata ja ce gajera wadda tuwonta ke kwana bai saki ba. In wata ta burge ta, sai ta roƙi mai ita ya bar mata tafi guda kafin a jiƙa. Falalu yakan yi mata tsiya, ya ce ta mayar da ɗakinta rumbu, amma duk damina sai ya ware mata 'yan fangalaye a bakin rafi ya shuka mata kowane iri daban, don kada su mutu a ƙunshi.

Ana nan sai wani sabon iri ya shigo, fari, mai doguwar ƙwaya, mai saurin nuna. 'Yan kasuwa shi suke nema, manoma kuwa suka ga yana cika buhu, sai kowa ya koma kansa. Laure ma ta yaba masa, don yana da daɗin gumi. Cikin 'yan shekaru fadamar ta zama iri ɗaya daga wannan baki zuwa wancan.

Bayan rasuwar Falalu, babban ɗansu Suhaibu ya karɓi gonar. Magidanci ne mai himma, kuma ya so ya haɗe filin gaba ɗaya da sabon irin. Ya zo ya durƙusa ya gaya wa Laure, ya ce tsofaffin irin nan ba su da kasuwa, kuma ba sa nuna lokaci ɗaya, sai wahalar yanka.

"Gaskiyarka ne," in ji ta. "Ka shuka naka, Allah ya sa albarka. Amma na bakin rafi ka bar mini. In ka ga wahalar ta yi yawa, ni zan nemi masu yanka."

Suhaibu bai sake tayar da maganar ba, kuma bai taɓa bari ta nemi kowa ba.

Sai aka yi wata damina mai yawan hadari, rana ba ta cika fitowa ba, raɓa tana daɗewa a kan ganye. Shinkafa na gab da fitar da kai aka fara ganin ɗigo-ɗigo a ganyenta, tsakiyarsu toka-toka. Kafin a ankara gonaki sun yi kamar an bi su da wuta. Wadda ta samu ta fitar da kai, wuyan zangarniyar ya yi baƙi ya karye, ƙwayar ta zama holoƙo. Masu hali suka yi feshi, wasu suka ɗan tsira, da yawa kuwa sun makara. Gonar Suhaibu ma ba ta tsira ba.

Shi ne ya dawo daga fadama wata safiya ya ce wa Laure ta zo ta gani da idonta. Ta yafa mayafi ta bi shi. A bakin rafi cutar ta cinye fangalaye biyu, har da wani iri mai ƙamshi da ta fi so duka. Amma jar gajerar tana tsaye, ganyenta kore shar, ga wata mai gashi a kai ita ma ko ɗigo babu, ga wata da ciwon ya ɗan taɓa ganyenta ya tsaya nan. Laure ta daɗe tana kallo. Daga baya ta ce abin da ya fara zo mata a rai shi ne Falalu, da yadda yake tsugunawa yana dasa mata su yana mita.

Labari ya kai Karaye, sai malamar gona ta ƙaramar hukuma, Malama Munawwara, ta zo. Bayan sun gaisa ta zaga fangalayen, ta tambayi asalin kowane iri. Laure ta gaya mata gaskiya, ita don tuwo da ɗanɗano ta ajiye su, ba ta san suna da wani amfani ba. Malamar ta yi mata bayani cewa kowane iri yana da irin ƙarfin jikin da ya gada daga kakanninsa, cutar da ta san hanyar shiga wannan ba lallai ta san ta wancan ba. In fadama duk iri ɗaya ce, cuta ta samu ɗaya ta samu duka. Ta kuma ja kunnenta cewa jar da ta tsaya bana wata cutar na iya kayar da ita baɗi. Ta nemi izini ta ɗebi kaɗan-kaɗan don a kai a gwada.

Wannan jan kunne ya zauna wa Laure. Bayan girbi ba ta guma ko tiya ɗaya daga abin da ya tsira ba. Mutane suka yi ta sallama a ƙofar gida, kowa jar yake so. Ita kuwa ta ƙi ba kowa iri ɗaya tak. Duk wanda ya zo sai ta haɗa masa biyu ko uku, kowane a ƙunshinsa, ta ce in ya girbe ya ba wani. Wasu suka ji haushi, har wani dattijo, Malam Ilu, ya tafi bai karɓa ba. Kwana biyu sai ga shi ya dawo da kansa, ya karɓi duka ukun.

Sabon irin bai ɓace ba, har yau shi ya fi yawa, Suhaibu ma yana shuka shi. Sai dai yanzu in ka ratsa fadamar lokacin nuna za ka ga launi ya bambanta, nan fari, can ja, can mai gashi.

Laure ta manyanta, ta bar wa surukarta tukwanen gumi. Bara ta je kasuwar Karaye sayen atamfar jikarta, sai wani mai awo da bai san ta ba ya kira ta.

"Hajiya, ga irin shuka mai kyau. 'Yar Laure ce, daga Kafin Dafga, ba ta jin ciwo."

Ta ɗebi kaɗan ta duba a tafin hannunta. Ita ce, jar gajerar. Ta ce masa iri ne mai kyau, amma ya daina cewa ba ta jin ciwo, kuma ya riƙa gaya wa masu saye su haɗa ta da wani. Mutumin ya ce to, ya tambaye ta ko ta san matar. Ta ce ta san ta, ta yi masa fatan ciniki, ta wuce rumfar atamfa.