Burtalin Labbo

A Tsamaye, in ka gaida Labbo to ka shirya amsa tambaya. Tun yana yaro ake ce masa mai shegen bin diddigi, furfura ma ba ta raba shi da halin ba. Matarsa Tani takan ce ko tuwo aka ajiye masa, sai ya tambayi wanda ya raɗa masa suna kafin ya kai loma.

Gonarsa ta gero tana jingine da burtali, hanyar da ake bar wa shanu tsakanin gonaki, an shinge ta da aguwa. Shekaru ke nan garke bai bi ta ba, tun da zaman lafiya ya yi ƙaranci makiyaya suka ƙaura. Maƙwabta duk sun tuge aguwarsu sun shuke nasu gefen. Da damina ta kawo kai, ɗansa Amiru ya matsa su ma su yi haka, don bakuna sun ƙaru a gidan, rumbu kuma ba ya kai su kaka.

Labbo ya ce a dakata, sai ya san daga ina kalmar burtali ta fito tukuna. Amiru kamar ya yi kuka.

Liman ya ce ba Larabci ba ce. Wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar ya rantse ba Faransanci ba ce. A kasuwar Burkusuma Labbo ya dace da wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono, ta ce tasu ce, burtol suke cewa da Fulatanci. Da ta ji daga Tsamaye yake, sai ta tambaye shi ko tsamiyar da ke bakin hanyar tana nan, don a gindinta ta haifi ɗanta na fari suna kan tafiya mashekari, inda suke yin damina da shanunsu. Ya ce tana nan, a gefen gonarsa ma take, hanyar ma tana nan.

Tausayinta ya kama shi, ya kasa gaya mata sauran.

Da ya dawo, ya ɗauko gatari ya saro rassan aguwa, ya shiga cike giɓin shingen. Amiru ya ce ai ko akuya ba ta bi nan yanzu.

"Na sani," in ji Labbo. "Amma na ce mata hanyassu tana nan. In sun komo, mi za ni ce musu?"

Shekarar nan sun sayi dawa kafin kaka, Tani kuma ba ta bari ya manta ba.