Yatsa Huɗu na Takobin Kalilu

Har gobe akwai masu rantsuwa a Babban Mutum cewa takobin Kalilu ya taɓa sare ɓarayi bakwai da sara ɗaya, na takwas ya ruga bai tsaya ba sai Magarya, can ya je shan ruwa ya tarar ba kai a wuyansa. Wasu suka ce duk ranar Juma'a takobin kan yi gyaran murya a cikin kube. To, a kwantar da hankali. Takobin nan ko kuɓewa bai taɓa yankawa ba. Katakon akwatin tumatir ne.

Kalilu ɗan tauri ne, gadon gidansu. Gajere ne, ƙirji kamar turmi, wuya kuwa ba a san inda ya fara ba. In kaka ta yi aka goce da kiɗa, yakan dirji cikinsa da wuƙa har wuƙar ta ji kunya ta lanƙwashe. Ubansa ya rasu bai bar masa gona ba, bai bar masa akuya ba, sai takobi ɗaya mai jan kube. Albarkacin takobin nan dillalan hatsi suka ba shi gadin buhunansu, ranar kasuwa kowa ya auna masa tiya. Da ita yake ci da matarsa Zinariya, da 'ya'ya shida, da tsohuwarsa da ba ta da haƙori amma ba ta raina tuwo.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Kalilu ya ɗare bayan akori-kura har Katsina, ya yi ta kabbara sai da muryarsa ta dushe kwana uku. Bai cika wata biyu da dawowa ba 'yan kwamitin shari'a na gari suka yi masa sallama a zaure. Suka ce tauri tsafi ne. Ya kwaso layu da guraye da hannunsa, aka ƙone. Sai suka ce takobi.

"Malamai, wannan ai gado ne. Da shi nake gadi."

"Bincike za a yi, a dawo maka da shi."

Suka zare suka tafi, suka bar masa kube. Har yau ana binciken. Su da suka karɓa ba su so a tambaye su inda ya shige, suka yi gum. Shi ma ya yi gum, don ya san ranar da dillalai suka ji, ranar tiya za ta tsaya.

Matsalar ita ce kube in babu takobi ba ya tsayuwa, lanƙwashewa yake kamar bulala. Kalilu ya zauna a bayan ɗaki ya tuna yadda suke yi suna yara. Ya ɓalle katako ɗaya daga akwatin tumatir, ya gwada shi da kube, ya fere da wuƙar Zinariya ta yankan albasa, ya kankare gefensa da fasasshiyar kwalba har ya yi sumul. Ya yanko gwangwanin madara ya naɗe ya yi abin tare hannu. Ƙotar ya ɗaure ta tamau da robar tayar keke, ya bi da tsohuwar fata, ya kafa murfin kwalbar lemo a kai, ya shafe da baƙin tukunya da man gyaɗa. Saura ƙyalli. Ya bi teburin mai taba yana tsintar takardar nan mai walƙiya ta cikin kwali, shi da ko warin taba ba ya so. Ya jiƙa ƙaro, ya liƙa, ya goge da bayan cokali.

Takardar ba ta isa ba. Yatsa huɗu kawai ta rufe daga ƙota.

Zinariya ta leƙo ta gani, ta riƙe haɓa. "Malam, da girmanka?"

"Da girman nawa za ki dafa?"

Daga ranar ya kafa doka: takobin gidansu ba a zare shi duka sai zai sha jini. In ya ga baƙon ido yana shawagi wajen buhuna, sai ya ja yatsa huɗu, rana ta haska, ya mayar ƙwas. Shekara huɗu cur, ko ƙwayar gero ba ta ɓata ba. Duk damina ƙaro ya saki, ya koma tsintar takarda.

Abin da ya karya shi ba ɓarawo ba ne. Yana da taubashi, Auta, ɗan ƙanwar ubansa, wanda ya bar makaranta a aji huɗu saboda, in ji shi, ya fi malamin sani. Tun suna yara kowanne ke cewa ɗayan bawansa ne. Auta bai san sirrin ba, shi dai ya ga abin zuzutawa. A teburin mai shayi ya fara da ɓarawo ɗaya, mako na zagayowa sun zama uku, kafin azumi sun kai bakwai, ga na takwas mai zuwa Magarya. Labari ya yi ƙafa ya isa kunnen sabon shugaban kwamiti, Malam Abdulmuhaimin, saurayi mai zafin wa'azi.

Ranar kasuwa da hantsi, ana tsakar awo, ya iso da mutanensa.

"Baba Kalilu, an ce kana riƙe da makami mai aljanu. Miƙo."

Kalilu ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Malam, don girman Allah mu shiga rumfa. Ni da kai."

"Gaskiya ba ta shiga rumfa."

Ya kama ƙota ya fizga. Yatsa huɗu na walƙiya suka fito, jama'a suka ja da baya. Sai ga sauran: farin katako, da hoton jan tumatir ɓaro-ɓaro a tsakiya.

An ce dariyar ranar har Baure an ji ta. Masu awo suka zubar da tiya, wani Buzu ya faɗo daga kan raƙumi. Malam ma ya dara, ya miƙa masa abinsa, ya ce wannan shari'a ba ta hana ba. Kalilu ya karɓa da hannu biyu, ya mayar cikin kube a hankali, yadda ya saba. Bai dubi kowa ba.

Kafin la'asar sarkin kasuwa ya kira shi gefe ya ce ya huta haka nan. Ba wanda ya tuna shekara huɗun. Yanzu dako yake yi a wurin, yana dab da sittin, yana sunkutar buhunan da ya yi wa gadi, yara na binsa da "Baba Tumatir". Babbar 'yarsa ta tafi aikatau Daura.

Kwanan baya Auta ya same shi ya sauke buhu yana haki, ya tsaya a kansa yana washe baki.

"Bawana, ina maganin maza? A ara mini mana, an sa ni yankan alewa."

Kalilu ya share gumi da gefen riga, ya dube shi sama da ƙasa.

"Katakona shekara huɗu yana ciyar da mutum tara, bai taɓa yankan kowa ba. Kai da shayi kofi ɗaya ka yanke mana abinci. In makami kwamiti ke nema, su zo su buɗe bakinka. Matsa, ka tare mini hanya."