Idon da Na Yi Ciniki a Gindin Rumbu

Shekarun baya, kafin a maido ni Tasawa, na koyar a lakol ɗin wani ƙauye a yankin Kanambakashe. A gidan abokina na zauna, kuma mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ba ta taɓa bambanta ni da shi ba. Ko bayan na bar garin, duk ƙarshen damina nakan koma, don in gaishe ta, don kuma tabkin da ke bayan gari, inda dinya da kirinjijiya da zalɓe suke sauka. Mutanen garin sun daɗe da yanke hukunci cewa Mushe, kamar yadda suke kirana a matsayin malamin lakol, mutumin kirki ne, sai dai boko ya ɗan taɓa shi, tunda yakan wuni yana kallon tsuntsun da ba zai ci ba.

Ina da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, wanda wani Bature ya bar mini da aikinsa ya ƙare. Jikin madubin lafiya lau yake. Matsalar ita ce ɗan gilashin da ake ɗaurawa a bayansa, inda mutum yake sa idonsa. Nawa matsattse ne, kamar kana leƙe ta cikin bututu. Kafin in nemo tsuntsu ya tashi, in kuma na kara wayar salula a kai don ɗaukar hoto, sai baƙin zobe ya cinye rabin hoton. Ga ni da tabarau, wanda ya ƙara nisanta ni da gilashin.

Sai na ɗora wa ƙanena, ɗan kasuwa a Yamai, aikin nemo mini wani. Da na faɗa masa sunan abin da Faransanci, sai ya ce in yi masa Hausa. Na ce to, ido ne, ana ɗaura shi a jiki. Tun daga nan muka ci gaba da cewa ido da jiki, ban taɓa tsayawa na saurari kaina ba.

Ina ƙauyen ya kira ni wata safiya, ya ce ya samu iri uku. Ɗaya mai faɗi ne amma ba a murza shi, yadda ya nuna abu haka zai tsaya. Na biyu ana murzawa ya janyo abu kusa ƙwarai, sai dai ƙarami ne, matsattse irin nawa. Na ukun ana murzawa, ga faɗi, gilashinsa babba yadda salula za ta zauna daidai, amma na hannu ne. A gidan nan kuwa waya ba ta kamawa sai a gindin rumbu, bayan ɗakin Inna, kuma sai ka ɗaga murya. Ni ko dama muryar aji gare ni.

Muka tsaya a kan na ukun, na saɓi madubina na nufi tabki ina murna.

Da na dawo bayan azahar, tun daga nesa na ga abin da ban saba gani ba. Babu yaro ko ɗaya a ƙofar gida, jikokin Inna da suka saba tarye ni duk sun ɓace. Maza ne cike a ƙarƙashin itacen bedi, ga maigari, ga liman, ga samari da sanduna. Jakata tana ajiye a waje. Na yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Abokina yana tsaye ya kasa haɗa ido da ni. Na ɗauka rasuwa aka yi, har na fara neman wanda zan yi wa ta'aziyya.

Maigari ya ce in zauna, ya sa aka kira Inna. Ta fito ta tsaya daga bakin zaure, ba ta dube ni ba. Ta ce tana bayan darni tana tankaɗe, ta ji komai da kunnenta, ba wani ya ba ta labari ba.

"Cewa ya yi ƙaramin ido bai yi mishi aiki, babba yake so, mai haske," in ji ta. "Ya tambaya ko daga jikin wani anka ciro shi. Ya ce a duba da kyau kada a kawo mishi mai yana. Ya ce a naɗe shi cikin auduga, a sa a gwangwani, a ba direba, kada a gaya ma direban abin da ke ciki."

Babu kalma ɗaya da ta ƙara, babu wadda ta rage. Yanar da nake nufi ita ce hazon da ke kama tsohon gilashi, direba kuma na san halin direbobi da buɗe saƙo. Amma da na ji maganar daga bakinta, ni kaina sai da na ji tsoron mutumin da ya faɗe ta. A shekarar kuwa kowace kasuwa ka je labarin masu cire ido ake yi, kodayake ban taɓa haɗuwa da wanda ya gani ba.

Sai na yi abin da ya fi komai muni, na yi dariya. Dariyar ruɗewa ce, amma na ga wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa.

Abokina ya yi ta maza ya ce a kira ƙanen nawa kowa ya ji. Muka ɗunguma gindin rumbu, har da maigari. Na buɗe muryar wayar. Ƙanena ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Yaya, an dace! Na Bajamushe ne, yanzun nan aka ciro shi, ko ƙwarzane babu."

Liman ya ja salati. Ban taɓa jin ina son shaƙe ɗan'uwana kamar ranar ba.

Na kashe wayar, na kafa madubin, na kwance ɗan gilashin na ɗaga shi sama na ce wannan shi ne ido, wannan kuma jikin. Wasu sai da suka ja da baya. Na mayar da shi, na saita wani gawo can nesa da balbelu suka yi wa fari fat, na roƙi maigari ya leƙa. Ya sunkuya ya daɗe, yana karkata kai dama da hagu, ya ce shi duhu kawai yake gani. Na gyara masa tsayuwa. Can sai ya kai hannu gaba kamar zai kama wani abu. Da ya ɗago sai ya dubi jama'a.

"Ga balbela nan tana susa. Amma gaskiyar Mushe, idon ga ya yi ƙanƙanta."

Aka fashe da dariya, samarin da suka zo da sanduna suka jingine su suka shiga layi. Liman ya yi nasiha a kan zato, ni ma ya ba ni rabona, ya ce mai ilimi ya riƙa auna maganarsa. Abokina ya ɗauki jakata da kansa ya mayar ɗaki. Inna ma an matsa mata ta leƙa. Ta ɗago tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce in yafe mata, jikokinta ta tuna. Na ce babu komai, kuma har zuciyata na faɗa.

Sabon idon ya iso, kuma ban yi zaɓen banza ba. Da tabarauna nake ganin bakin tabki daga wannan gefe zuwa wancan, in murza in janyo zalɓe guda, in ɗauki hoto babu baƙin zobe. Har yau da shi nake aiki, sai dai yanzu gilashi nake ce masa, ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Sandunan ba su daɗe a raina ba. Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne matar da ta jiƙa mini magani lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, wadda take ɓoye mini ƙanzo don ta san ina so, magana ta 'yan mintoci ta ishe ta yarda cewa zan iya. Na daɗe ina jin ciwon haka. Daga baya na tambayi kaina, da ni ne a bayan darnin, ɗiyana suna wasa a tsakar gida, me zan yi? Ban samu amsar da ta wanke ni ba.

Na ci gaba da zuwa gidan har Allah ya karɓi ranta. Duk zuwan da na yi da hannunta take dama mini fura, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Sannan ta juya ta kira jikokinta, ta ce su shiga ɗaki rana ta yi zafi, ko da kuwa hadari ne ya rufe garin.