Faifai na Biyu

Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah ce, a watan Janairun 1999, Baba ya shigo gida da hantsi riƙe da wata 'yar baƙar leda. A lokacin muna zaune a hawa na shida na wani tsohon bene a bayan titin Huanshi, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda yake saro atamfa da takalma yana aika wa 'yan kasuwar Kwari a Kano. Shekarata tara. Sanyin garin nan jiƙaƙƙe ne, yana bin bango ya shige katifa, kayan da na shanya a kan gorar taga sai su kwana uku ba su bushe ba. A cikin ledar akwai fim mai faifai biyu, domin finafinan lokacin haka suke zuwa, ka kalli na farko, ka tashi ka saka na biyu. Rubutun bangon faifan na Sinanci ne, maganar ciki ma haka, don haka ba wanda ya san sunan fim ɗin a gidanmu. Muka shige bargo ɗaya, ni da Umma da Yaya Nasiru, wanda ya girme ni da shekara huɗu.

Labarin wani mai gyaran waya ne da motarsa ta mutu a tsakiyar wata ƙasa da babu komai sai dusar ƙanƙara. Ba gida, ba hanya, sai falwayoyi a jere har iya ganin ido. Mutumin bai yi kuka ba, kuma abin da ya kama zuciyata ke nan. Da farko ya ɗaure ƙafafunsa da tsumma. Bayan nan ya raba burodinsa kashi shida. Sannan ya fara bin falwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya iso sai ya yi mata tsaga da wuƙa. A wani rafi ƙanƙara ta fashe da shi, ya fito ya tuɓe rigar sanyinsa ya ajiye, kafin ya hura wuta rigar ta daskare ta tsaya da kanta kamar mutum. A kwana na biyar falwayoyin suka ƙare. Ya dafa ta ƙarshe yana duba gabas da yamma, ga kukan kyarkeci daga nesa. Nan allon talabijin ya koma shuɗi. Umma ta ce a tashi a yi azahar tukuna.

Da muka idar, faifai na biyu ya yi ɓatan dabo. Na san wanda ya ɗauka, na kuma san dalili. A cikin azumin da ya wuce na ga Yaya Nasiru yana kurɓar ruwan famfo da rana tsaka, Umma ta tambaye ni, na faɗi abin da na gani. Ya sha bulala, ya kuma riƙe abin. Yanzu ya jingina da ƙofa yana murmushi, ya ce, "Je ki kai ƙara mana, Malama Binta, ba sana'arki ba ce?" Na kai. Umma ta caje jakarsa da ƙarƙashin katifarsa, ba ta ga komai ba. Washegari Baba ya ja hannuna zuwa shagon da ya sayo fim ɗin, ya nuna faifan farko ya ɗaga yatsu biyu. Mai shagon ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo, meyo." Kalmar Sinanci ta farko da na haddace ke nan, ma'anarta babu.

Mako biyu Yaya Nasiru yana gasa mini aya da bakinsa. Ina sharar matakala zai wuce ya ce kyarkeci ne ya cinye mutumin, ta ƙafa ya fara. Ina wanke-wanke zai leƙo ya ce a'a, jirgi ne ya ɗauke shi, har ya yi tumbi. Ina kai cokali baki sai in tuna burodin mutumin saura kashi ɗaya. Na daina kuka, na zauna na tsara abin da zan yi.

Yaya Nasiru yana da jar rigar sanyi mai kauri da aka saya masa ta Sallah. Ba ya sa ta sai ranar Juma'a, in za su masallaci da Baba, inda 'ya'yan Nijar da na Mali suke taɓa ta suna yabawa. Sauran kwanaki tana rataye cikin jakarta a kabad. Ranar Alhamis da la'asar, Baba ya tafi da shi ofis a benen 'yan kasuwa na Tianxiu ɗaurin kwalaye, Umma kuma tana ƙasa wajen mai kayan miya. Na farko, na cire rigar na cusa tsohuwar jallabiyar Baba a jakar don kada ta yi shafal. Na biyu, na tsoma ta a bahon wanki har ta ƙoshi da ruwa. Na uku, na ninke ta na sa a leda. Na huɗu, na kwashe naman ragon da ke cikin firiza, na kwantar da ita a can ƙasa, na mayar da naman yadda na same shi. Na goge ƙasa, na wanke hannu, na koma kan allona.

Ranar Juma'a da tsakar rana gidan ya kaure da nema. Baba yana tsaye a ƙofa yana duba agogo, Yaya Nasiru yana zazzage kabad. Na bar shi ya wahala sosai, sannan na ce, "Yaya, ka duba firiza, wataƙila kyarkeci ne ya ɓoye ta." Ya zaro ta kamar bulo. Fuskarsa ta canza, amma ba irin canjin da nake jira ba. Ya durƙusa yana ƙoƙarin buɗe ninkin da ƙarfi, Umma tana cewa ya bari ta narke, bai ji ba. Ya danna gwiwa a kai ya ja. Muka ji ƙas. Ya sa yatsa ta wata 'yar ɓarakar da ya farke tun da farko a shafin ciki, ya zaro faifai na biyu, rabi, sannan ɗaya rabin.

Ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur. Ya ce, "Ni ma fa ban kalla ba, Binta. Jira nake ki ce in yi haƙuri, mu kalla tare." Ban ce ba. A ranar ma ban ce ba. Bayan masallaci Baba ya yi mini bulala shida, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kamar falwaya, ban zubar da hawaye ba. Rigar ta kwana tara a kan gora tana ɗiga, da ta bushe audugar ciki ta dunƙule gefe guda, Yaya Nasiru bai ƙara fita da ita ba. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ina Kano da iyalina, Yaya Nasiru kuma yana unguwar Panyu a Guangzhou yana harkar aika kaya. 'Ya'yana suna kallon fim a waya, su tsallake zuwa ƙarshe da yatsa ɗaya, ba su san zaman jiran rabin labari ba. Na sha kwatanta musu fim ɗin su nemo mini, amma abin da ba shi da suna ba ya nemuwa, bangon faifan kuma ya ɓace tun dawowarmu. Duk Sallah in Yaya Nasiru ya kira, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malama Binta, ina faifai na biyu?" In ce, "Meyo." Mu yi dariya, amma har yau ba wanda ya ba wani haƙuri. Shi kuwa mutumin yana nan dafe da falwayar ƙarshe, mu biyu muka bar shi a cikin sanyi.